Yadda Muka Zaɓa wa Nasir Harsashi a Riyad

Tun da na dawo daga Riyad ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a majalisa a tare ni, har a wurin ɗaurin aure sai wani ya jawo hannun rigata ya ce, "Alhaji Garba, wai da gaske ne ka je ka koya wa Larabawa harbi?" Ban san wanda ya fara baza wannan magana ba. Ban koya wa kowa harbi ba, hasali ma sau ɗaya na harba a can, kuma ban samu abin da na auna ba. Don kada labarin ya ci gaba da kumbura, bari in faɗi yadda aka yi tun daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya. Aikinmu tsare namun daji ne, amma idan dorina ko ɓauna ta fita ta addabi mutanen ƙauye, mu ake kira. Ta haka na saba da manyan bindigogi. 'Yata kuwa, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Ummi, nas ce a wani asibiti a Riyad. Mijinta Kabiru injiniya ne. Ta haihu, uwarta ta je ta dawo, sai suka ce saura ni, suka aiko mini da bizar ziyara.

Kafin in tashi Ummi ta kira ni ya fi sau biyar. "Baba, ban da goro. Baba, wuƙar nan ta aljihunka ka bar ta a gida. Baba, ka zazzage tsohuwar jakarka da kyau, kada a ga ko kwanson harsashi a ciki." Na bi duk abin da ta ce. Amma tun daga Bauchi har Kano hannuna bai daina laluben aljihu yana neman wuƙar ba. Bayan mun wuce Ningi tayarmu ta fashe, direba ya nemi abin da zai yanke igiyar da ya ɗaure safaya da ita, duk motar babu mai ko reza. Da haƙori da dutse aka kwance ta. Ban gaya wa kowa abin da na baro a ƙarƙashin matashi ba.

Na taɓa zuwa aikin Hajji, amma waccan tafiya ce ta ayari, inda aka bi nan kake bi. Wannan karon ni kaɗai ne. Da muka sauka aka zo ɗaukar hoton yatsu, sai na'ura ta ƙi karɓar nawa. Jami'in, wani saurayi mai fara'a, ya danna manuniyata, ya goge gilashi, ya sake dannawa, shiru. Ya juya tafin hannuna yana kallo kamar ya ga tsohon takalmi. Daga nan ya buɗe durowa ya ɗauko man shafawarsa, ya ɗiga mini, ya ce, "Shuwayya, shuwayya, ya Hajji." Wato a hankali. Sai da na murza hannu kamar amarya sannan na'urar ta yarda ni mutum ne. A wurin duba kaya kuma wani ya kwance ƙullin daddawar da uwar Ummi ta ba ni, ya kai hanci. Ya ɗaure da sauri, ya yi mini nuni da hannu in wuce.

Gidan su Ummi a unguwar Ulaisha yake, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo. Abin da ya fara damuna ba zafi ba ne, ba kuma sanyin na'ura ba, surukuta ce. A gida da zaure da tsakar gida, suruki ya gaishe ka ya zame. A nan kuwa ko banɗaki za ka sai ka bi ta gaban mutum. Kwana uku Kabiru yana cin abincinsa a tsaye a kicin. A rana ta huɗu na leƙa na same shi da faranti a hannu, ya daburce har cokali ya faɗi.

Na ce, "Malam Kabiru, wata ɗaya da rabi zan yi a gidan nan. Haka za ka ƙare a tsaye?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ai na saba."

"Ba ka saba ba. Ɗauko farantinka. Kunyar mu ajiye ta, in mun koma Bauchi mu ɗauka."

Ummi tana daga ɗaki tana dariya har jaririn ya farka.

Babbar jikata Amira shekararta biyar, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Na ce mata, "Amaryata, me kika dafa mini?" Ta kalli uwarta ta tambaya da Larabci ko wannan tsohon lafiyarsa ƙalau. Cikin mako biyu dai ta gane wasan, ta fara ce mini ita ba ta son miji mai furfura.

Mutanen can ba sa zaman ƙofar gida. Maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tamu sau biyu na gan shi. Da kaɗaici ya ishe ni, Kabiru ya kai ni kasuwar Batha ranar Juma'a da la'asar. Ban taɓa ganin taron baƙi irin wannan ba, kowa da harshensa, kowa da waya a kunne. Muna cikin kutsawa na ji wani a bayana yana cewa, "Wallahi kafil ɗina ya ƙi sabunta mini iƙama." Wato uban gidansa ya ƙi sabunta masa takardar zama. Na juya na riƙe hannunsa kamar na ga ɗan'uwana. Direba ne, mutumin Azare. Shi ya kwatanta mana wani ɗan gidan abinci a unguwar Gubaira inda ake tuwon shinkafa da miyar kuka. Daga ranar, duk mako sai na je na ci, ko da yake kukar ta kwana biyu da barin gida.

To, ga yadda maganar harsashi ta shigo. Shugaban Kabiru a wurin aiki wani dattijo ne da ake kira Abu Nasir. Da ya ji surukin Kabiru tsohon ma'aikacin daji ne, sai ya aiko lallai mu zo cin abincin rana a gidan hutunsa da ke bayan gari, irin wanda suke kira istiraha. Muna isa ya rungume ni, ya tambayi sunan babban ɗana. Na yi jim, don a wurinmu mutum ba ya kama sunan ɗan fari haka siddan. Kabiru ne ya cece ni ya ce Usman. Daga nan na zama Abu Usman. Abin da muke ɓoyewa don kunya, su da shi suke girmama mutum.

Aka kawo gahawa a ɗan ƙaramin kofi, shi ma ba a cika shi ba. A raina na ce mutum mai wannan gida, amma ga rowar ruwan zafi. Na shanye na miƙa kofi, aka ƙara. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Sai da na sha tara, zuciyata ta fara bugawa kamar ganga, sannan Kabiru ya matso ya raɗa mini, "Baba, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi." Na girgiza shi da ƙarfin da ya sa duk falon aka fashe da dariya.

Bayan mun ci kabsa, shinkafa da rago a faranti guda kowa ya sa hannu, sai ɗan gidan ya shigo da doguwar jaka. Shi ne Nasir, ma'aikacin banki, zai kai shekara talatin, mai ladabi amma mai saurin magana. Ya sumbaci goshin ubansa, ya kira ni "ya ammi", wato baffa, ya buɗe jakar. Bindiga ce sabuwa fil, ya ce da lasisinta da komai. Irin wadda ake kira magnam ce, mai lamba ɗari uku. Ga wanda bai sani ba, magnam bindiga ce da kwanson harsashinta ke cin albarushi da yawa, tana kai harbi nesa, tana kuma naushin kafaɗar mai ita. Na duba na tabbatar babu komai a cikinta, sannan na ɗora ta a kafaɗa. Shekara tara rabona da bindiga.

Nasir ya ce shi da mahaifinsa za su kudancin Afirka farauta, inda ake biya a shiga da jagora. Ya nuna mini akwatin harsashin da ya zaɓa. Kan harsashi da giren ake auna nauyinsa, wani ɗan mitsitsin ma'auni ne. Bindigarsa tana cin mai giren ɗari da hamsin, da ɗari da tamanin, har ɗari biyu. Shi mafi sauƙin ya ɗauka. Ya fito da waya yana nuna mini lambobi, wai wannan ya fi kowanne gudu, ba ya sunkuyawa a hanya.

Na ce wa Kabiru, "Tambaye shi me zai harba."

Ya lissafo mariri, da gwanki, sannan ya yi murmushi ya ce da ɓauna, in Allah ya yarda.

Na kalli uban. Abu Nasir yana jan carbi, bai ɗago ba. A nan na gane ba don shinkafa aka gayyace ni ba. Ya yi wa ɗansa magana ya gaji, yana neman wanda zai faɗa a ji.

Na ce, "Gaya masa wannan harsashin na barewa ne. In ya harbi ɓauna da shi, tsokanarta ya yi. Gaya masa ma ban san jagoran kirki da zai bar shi ya tunkari ɓauna da wannan bindigar ba. Kuma wanda ya zaɓi harsashi don gudu kawai bai san daji ba, waya ya sani."

Kabiru ya yi Larabci kalma biyar ko shida, Nasir ya gyaɗa kai yana murmushi.

Na ce, "Malam Kabiru, maganata ta fi haka tsawo."

"Baba, ɗan mai gidana ne."

"To bari in ba shi labari. Wannan kada ka rage ko kalma."

Labarin da na ba su ban taɓa ba kowa shi cikakke ba. Ina da abokin aiki, Ɗanjuma, mai bin sawu. Tare muka yi shekara goma sha huɗu. Wata shekara wani tsohon bijimin ɓauna da garke ya kora ya riƙa shiga gonakin bakin kogi, har ya ji wa wata mata rauni. Aka turo mu. Babbar bindigarmu ta fi ta Nasir faɗin baki, kuma harsashin ɓauna da muke sa mata mai giren ɗari uku ne, mai taurin kai. Sai aka tarar ya ƙare a sito. Saura marar nauyi, mai laushin baki, wanda muke harbin gwanki da shi. Ɗanjuma ya ce mu jira kwana uku a kawo. Na ce bindiga ɗaya ce, ƙara ɗaya ce, ba zan zauna mutanen ƙauye suna cewa mun ji tsoro ba.

Mun sami bijimin da hantsi. Na auna kafaɗa daga taku sittin, na harba. Ya durƙusa, ya miƙe, ya faɗa cikin gamba. Dole a bi shi, don ɓauna mai rauni ba a barin ta kusa da mutane. Ɗanjuma yana gaba yana duba jini, ina bayansa. Ashe bijimin ya zagayo ya laɓe a gefen sawunsa. Ban ga fitowarsa ba, sai dai na ga Ɗanjuma a sama. Sai da na ƙara masa uku, na ƙarshe a wuya, sannan ya kwanta. Da aka feɗe shi na nemi harsashina na farko. Ya tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, gutsattsarinsa kamar tsabar gero, ko taƙi ɗaya bai shiga ba. Ɗanjuma ya rayu, amma ƙugunsa ya karye. Shekara ashirin da shida ke nan yana tafiya da sanda.

Wannan karon Larabcin Kabiru ya yi tsawo. Shi ma bai taɓa jin labarin ba. Da ya gama, Nasir ya kife wayarsa a kan kafet. Can ya ce, "Ya ammi, to wanne zan ɗauka?"

Na ce ba zan faɗa daga zaune ba, sai na ga harsasan da idona, na kuma ga harbinsa.

An yi sa'a a makon ana wani babban baje-kolin kayan farauta a arewacin birnin. Ranar Asabar da safe suka zo suka ɗauke mu. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Shaho a jere a kan turaku, kowanne an rufe masa ido da 'yar hular fata, manyan mutane suna shafa su kamar jarirai. A wurinmu shaho ɓarawon 'yan tsaki ne, jifa ake bin sa da shi. Wani ya ɗora mini ɗaya a hannu don a ɗauki hoto, na tsaya ƙiƙam ina addu'a kada ya gane ni.

A rumfar harsasai muka samu wani mai sayarwa da ya san aikinsa. Yana da kawunan harsashi da aka tsaga biyu don a ga cikinsu. Na ɗauki guda biyu na ɗora a tafin Nasir. Na nuna masa nasa, rigar jan ƙarfen da ta lulluɓe dalmar siririya ce kamar ɓawon albasa. Na nuna masa ɗayan, rigar mai kauri, an kuma haɗe ta da dalmar yadda ba za su rabu ba. Na ce nauyi kaɗai ba ya isa, sai an duba ƙira. Mai sauƙi da siririyar riga, in magnam ta watso shi da wannan gudun ya haɗu da ƙashi a kusa, fashewa yake yi. Mai nauyi da kaurin riga yana buɗewa a hankali, ya riƙe jikinsa, ya ratsa har inda ake so. Mai sayarwar ya ɗauko wani da aka ciro daga jikin dabba, bakinsa ya baje amma gindinsa na nan daram. Ya ce da ni wani abu yana dariya. Kabiru ya ce wai tambaya yake ko ina neman aiki.

Nasir ya ɗauki akwati ɗaya na ɗari da tamanin, ɗaya na ɗari biyu, don kowace bindiga da irin wanda ta fi so, sai an gwada. Bayan kwana biyu muka je filin koyon harbi. Ya harba uku-uku a takarda daga mita ɗari. Ramukan suka watse, wani sama wani gefe, kowane nauyi haka. Ya fara cewa ko madubin saitin ne bai zauna ba. Ni kuwa ba takardar nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Na roƙi mai kula da filin ya karɓi bindigar ya ɗura masa da kansa, amma a wani karon ya miƙa masa ita babu komai a ciki. Aka yi haka. Nasir ya auna, ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas. Shi kuwa ya runtse ido, ya kai kafaɗa gaba, bakin bindigar ya duƙa ƙasa. Kowa ya gani, har shi.

Kunya ta kama shi. Na dafa shi na ce babu wanda magnam ba ta taɓa tsoratawa ba, ni ma wata shida na yi ina rufe ido. Ya zauna, ya huta, ya riƙa jan kunamar a hankali. Kafin azahar ya haɗa uku na ɗari da tamanin a wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Na ɗari biyu sun fi naushinsa, sun kuma fi watsewa. Na ce, "Bindigarka ta zaɓa. Wannan ya ishe ka mariri da gwanki. Ɓauna kuwa ka bar ta sai ka shekara kana harbi, sannan ka nemi bindigar da ta fi wannan faɗin baki." Ya ce, "Halas, ya ammi," wato shi ke nan. Abu Nasir ya taso. Ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina, ni da muke kusan sa'a da shi.

Da na tsaya a nan da na dawo da mutuncina. Amma suka matsa sai Abu Usman ya harba ko sau ɗaya, mai kula da filin ma ya yarda. Na zauna, na auna, na ja. Bindigar ta daki kafaɗata har hulata ta faɗi. Aka duba takarda, fes take. Nasir ya rantse wai harsashina ta cikin ramin nasa ya bi. Yaron kirki ne, amma ƙarya yake yi. Da muka koma gida Ummi ta ga ina ɗaukar kofi da hagu, ta sa na buɗe kafaɗar, ta ga ta yi baƙi. Ta ɗora mini ƙanƙara tana faɗa. "Baba, jinya na kawo ka ko ziyara? Kai kuma Abban Amira kana tsaye kana kallo!" Ni da surukina muka sunkuyar da kai tare kamar ɗalibai.

Ranar da zan taho Abu Nasir ya aiko da kwalin dabino wanda sai da mutum biyu suka ɗauka. Amira ta yi kuka a filin jirgi, ta ce da Hausarta mai karkace, "Miji, kar ka tafi."

Na kwana biyu a gida, na ɗebi dabinon na hau mota zuwa ƙauyen Ɗanjuma. Duk shekarun nan ina zuwa gaishe shi, muna hira, muna dariya, amma maganar ranar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran igiya, sandarsa a gefe. Na ba shi labarin gahawa, da na shaho, da na faɗuwar hulata, ya yi dariya har da tari. Sannan na ce masa na ba Larabawa labarin ɓaunarmu.

Ya ajiye igiyar. "Duka?"

"Duka."

"Ka gaya musu na ce mu jira kwana uku?"

"Na gaya musu. Na ce kai ne da gaskiya, ni na ƙi ji. Laifina ne, Ɗanjuma. Ka yafe mini."

Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bakin riga.

"Malam Garba, ni na yafe tun ina kwance a asibiti. So nake kawai in ji daga bakinka. Ashe sai ka je har ƙasar Larabawa za ka iya faɗa." Ya miƙo hannu. "Turo dabinon nan in ji ko ya kai yadda ake faɗa."